Dashen Mama Mai Santsi Ko Mai Kaushi: Abin Da Ya Kamata Mace Ta Auna Kafin Ta Shiga Ɗakin Tiyata

A birnin Kano akwai matan da maganar dashen mama ta shafa fiye da yadda ake zato, sai dai ba magana ba ce da ake yi a gidan biki ko a tsakar gida. Wasu sankarar mama ce ta sa aka cire musu ɗaya ko duka biyun, suka samu sauƙi, suna kuma son a mayar musu da surar ƙirjinsu. Wasu kuma ƙarin girma suke nema, ko gyaran maman da ya zube bayan goyo, ko daidaita wanda ya fi ɗan'uwansa girma tun daga budurci. Akwai waɗanda ake yi wa aikin a nan gida Najeriya, da yawa kuma sukan tafi Alƙahira ko Istanbul ko Dubai ko Indiya a yi musu su dawo. Abin da suka fi tambayar likita shi ne ko silikon ne a cikin jakar da ake dasawa a ƙirji don ta ba maman cika da sura, ko ruwan gishiri, wane girma ne zai dace da jikinsu, nawa ne kuɗin, kuma yaushe ciwon zai warke. Amma dangane da wata sankara da ake alaƙanta ta da wannan dashe, wadda zan yi bayani a kanta, tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi ita ce wadda ba kasafai ake yi ba: bayan jakar da za a dasa, santsi gare shi ko kaushi?

Cutar wani nau'i ne na limfoma, wato sankarar da ke tasowa daga ƙwayoyin garkuwar jiki, kuma likitoci suna kiranta BIA-ALCL a taƙaice. Ba daga naman mama take farawa ba, shi ya sa ba a lissafa ta cikin sankarar mama da muka sani. Duk lokacin da aka dasa wani baƙon abu a jikin mutum, jiki yakan kewaye shi da wani siririn kwanso na tabo, kuma wannan ba cuta ba ce, haka Allah ya tsara jiki ya kare kansa. A cikin wannan kwanson, ko a cikin ruwan da ke taruwa tsakaninsa da jakar, cutar take tasowa. Ba ta zuwa da wuri. Yawanci sai bayan shekara 8 zuwa 10 da yin dashen take bayyana, a lokacin da mace ta daɗe da mantawa da sunan asibitin, balle sunan kamfanin da ya ƙera abin da ke ƙirjinta.

An fara ba da rahoton cutar a mujallar likitoci a 1997, shekara 35 bayan da likitoci biyu, Thomas Cronin da Frank Gerow, suka yi dashen silikon na farko a birnin Houston na Amurka a 1962. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta fara sanar da jama'a yiwuwar alaƙa tsakanin dashen mama da wannan limfoma a Janairun 2011, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da ta ware da sunansu a 2016. Daga nan abubuwa suka yi sauri. A Disamban 2018 kamfanin Allergan ya rasa izinin sayar da jakunkunansa masu kaushi a Turai. A Afrilun 2019 Faransa ta haramta masu kaushi mai yawa da kuma masu lulluɓin soson roba na foliyuretan. A ranar 24 ga Yulin 2019, bisa buƙatar FDA, Allergan ya janye samfurinsa mai suna Biocell daga kasuwannin duniya baki ɗaya. A ranar da aka yi wannan sanarwa, FDA tana da rahoton mutum 573 da suka kamu da cutar a faɗin duniya, 33 daga cikinsu sun rasu, kuma 481 daga cikin masu cutar jakar Allergan ce a jikinsu. Zuwa ƙarshen Yunin 2023 rahotannin da hukumar ta tattara sun kai 1,264, waɗanda suka rasu kuma 63.

Idan aka dubi miliyoyin matan da ke ɗauke da dashen mama a duniya, wannan adadi kaɗan ne ƙwarai, kuma bai kamata ya tayar da hankalin kowa fiye da kima ba. A Amurka mace ɗaya cikin takwas ce ke kamuwa da sankarar mama ta yau da kullum a tsawon rayuwarta, adadin da ya ninka na wannan limfoma nesa ba kusa ba. Abin da ya sa duk da haka nake ganin batun ya cancanci dogon nazari shi ne, wannan haɗari ne da mace take iya ragewa ƙwarai da zaɓin da za ta yi a rana ɗaya a ofishin likita, kuma ba kowane haɗari ne yake ba mutum irin wannan dama ba.

Kaushin nan da gangan aka ƙirƙiro shi, kuma da kyakkyawar niyya. Matsalar da ta fi addabar masu dashen mama tun farko ita ce ƙanƙancewar kwanson tabon nan, inda yake yin kauri ya matse jakar, maman ya yi tauri, ya ɗage sama, ya canza sura, wani lokaci har da ciwo mai hana barci. Likitoci sun lura cewa idan bayan jakar yana da kaushi, tabon ba ya jeruwa ya matse ta kamar yadda yake yi wa mai santsi, musamman idan an ajiye jakar a saman tsokar ƙirji, kai tsaye a ƙarƙashin naman mama. Akwai kuma amfani na biyu. Jakar da aka ƙera da surar mama na ainihi, siririya daga sama mai cika daga ƙasa, dole ne ta zauna yadda aka ajiye ta, domin idan ta juya ƙasanta ya koma sama, surar ƙirjin ta lalace. Kaushin shi ne yake kama nama ya hana ta juyawa. Saboda haka ne aka fi amfani da masu kaushi wajen sake gina mama bayan cire shi, inda babu naman da zai rufe jakar ya ɓoye surarta, kuma saboda haka ne suka mamaye kasuwannin Turai da Ostireliya shekaru da dama, alhali a Amurka an fi amfani da masu santsi wajen aikin ƙarin girma.

Yadda ake yin kaushin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma a nan ne bambancin haɗari ya fito. A samfurin Biocell, tun silikon ɗin yana ɗanye ake barbaɗa masa ƙwayoyin gishiri, a sake rufe shi da wani siririn silikon, bayan ya daskare a goge saman a wanke gishirin ya narke, ya bar dubban ƙananan ramuka masu zurfi da kusurwoyi. Idan aka shafa shi da yatsa za a ji yana kama fata. A samfurin Siltex na kamfanin Mentor kuwa, soso ake dannawa a jikin ɗanyen silikon ya bar zanensa, kaushin da ke fita ba shi da zurfi sosai. Akwai kuma waɗanda ake lulluɓe su da soson foliyuretan ɗungurungum, irin wanda kamfanin Silimed na Brazil ya yi suna da shi, waɗannan su ne suka fi kowane faɗin fili idan aka auna lungu da saƙon bayansu. Ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 14607 na 2018 ya kasa su uku: wanda kaushinsa bai kai maikiron 10 ba ana ɗaukarsa mai santsi, daga 10 zuwa 50 mai ɗan kaushi, abin da ya haura 50 kuma mai kaushi mai yawa. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, wato bambancin da ake magana a kai ido ba ya tantance shi da kyau, dole sai an karanta a takardar kamfani.

Binciken da ya fi fito da wannan bambanci fili shi ne wanda aka yi a Ostireliya da Niyu Zilan aka wallafa a 2019, inda aka kwatanta yawan masu cutar da yawan jakunkunan da kowane kamfani ya sayar. An samu mutum ɗaya a cikin kowace jaka 2,832 na Silimed mai soso, ɗaya a cikin 3,345 na Biocell, sannan ɗaya a cikin 86,029 na Siltex. Duka ukun sunansu masu kaushi, amma tazarar da ke tsakanin na biyu da na uku ta ninka sau ashirin da ɗoriya. Wani bincike na ƙasar Holan da aka wallafa a 2018 ya ƙiyasta cewa a cikin mata masu dashe, ɗaya cikin 35,000 za ta kamu kafin ta cika shekara 50, ɗaya cikin 12,000 kafin 70, ɗaya cikin kusan 7,000 kafin 75. Adadin da ya fi tayar da hankali ya fito ne daga asibitin sankara na Memorial Sloan Kettering da ke New York a 2020, inda aka bibiyi mata 3,546 da likita ɗaya ya sake gina wa mama da jakunkuna masu kaushi, mafi yawansu Biocell, aka samu goma sun kamu, wato ɗaya cikin 355. A ganina wannan na ƙarshe ya fi sauran koyar da darasi, domin matan da ke cikinsa ba a sake su sun ɓace ba, an riƙa ganinsu shekara bayan shekara. Inda aka fi sa ido, an fi ganin cutar. Saboda haka ƙasar da ba a jin labarin cutar a cikinta ba lallai ne ta zama ƙasar da babu ita ba.

Mai santsi fa? A cikin rahotannin da FDA ta tattara akwai 'yan kaɗan da aka samu jaka mai santsi a jikinsu lokacin da aka gano cutar, amma idan aka bi tarihinsu, galibi sai a tarar an taɓa dasa musu mai kaushi a baya aka canza, ko kuma tarihin nasu bai cika ba. Hukumar ba ta ce haɗarin mai santsi sifili ne ba, kuma ni ma ba zan faɗa ba, amma duk wanda ya dubi alƙaluman da idon basira zai ga cewa nauyin hujja ya karkata gaba ɗaya kan kaushi. Kwamitin masana kimiyya na Tarayyar Turai da ya duba batun a 2021 ya kai ga cewa akwai hujja matsakaiciya da ke nuna kaushin yana cikin musabbabin cutar, musamman matsakaicin kaushi da mai yawa.

Dalilin da ya sa kaushi ke jawo haka har yanzu masana suna tattaunawa a kai, amma bayanan da suka fi ƙarfi suna komawa ne ga abu ɗaya, wato daɗaɗɗen kumburin cikin jiki da ba ya lafawa. Ƙwayoyin bakteriya da suka shiga lokacin tiyata suna samun maɓoya a cikin ramukan, su yi wata yauƙaƙƙiyar shimfiɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya ratsawa. Duk macen da ta taɓa wanke kwanon tangaran ta kuma wanke tsohon akushi mai zane ta san wanda ke riƙe maiƙo a lungunansa. Ban da wannan, gogayyar kaushin da nama da kuma ɓurɓushin silikon da ke zubowa daga gare shi suna sa ƙwayoyin garkuwar jiki su kasance cikin yaƙin da ba ya ƙarewa tsawon shekaru, har wasu daga cikinsu su sami tangarɗa a ƙwayoyin halittarsu su fara hayayyafa ba kan gado. Akwai kuma alamun cewa gado yana da hannu, domin an ga haɗarin ya ƙaru ga matan da ke ɗauke da canjin ƙwayar halitta ta BRCA, wadda ita ce kuma ke sa wasu zuri'o'i yawan kamuwa da sankarar mama. Wannan abin lura ne ga macen da mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi fama da sankarar mama tun tana da ƙuruciya.

Abin da ke cikin jakar, silikon ko ruwan gishiri, bai nuna wani tasiri a kan wannan limfoma ba, an same ta a duka biyun, kuma rahoton farko na 1997 ma a kan mai ruwan gishiri ne. Bambancinsu a wani wuri yake. Silikon ya fi kama da nama a taɓawa, amma idan ya fashe ba a cika ganewa ba, shi ya sa FDA ta ba da shawarar a yi hoton sikanin ko na MRI bayan shekara 5 zuwa 6, daga nan kuma duk shekara 2 zuwa 3. Mai ruwan gishiri idan ta huje maman yakan sace cikin 'yan kwanaki, jiki ya shanye ruwan ba tare da illa ba, sai dai ta fi nuna tattara a ƙarƙashin fata, musamman ga siririyar mace.

Adalci ne a faɗi abin da mace za ta rasa idan ta zaɓi mai santsi. Kusan dukkansu zagayayyu ne, ba su da surar nan ta sirantaka daga sama. Suna yawo a cikin aljihun da aka yi musu, kuma da tafiyar shekaru suna iya gangarowa ƙasa ko su zame gefe idan an kwanta rigingine. Idan a saman tsoka aka ajiye su, yiwuwar taurin kwanso ya fi na masu kaushi. Sai dai wannan bambanci yana raguwa sosai idan aka sa jakar a ƙarƙashin tsokar ƙirji, kuma likitoci sun ƙware wajen rage shigar bakteriya ta hanyar wanke aljihun da kauce wa taɓa jakar da fata. Abin da nake so a auna a nan shi ne nauyin matsalolin biyu. Taurin kwanso da zamewar jaka abubuwa ne masu ɓata rai, masu cin kuɗi, suna iya kai mace ga tiyata ta biyu, amma ba sa kashewa. Limfoma ba ta da yawa, amma idan aka yi sakaci da ita tana kashewa. Da 'yar'uwata ce za ta nemi shawarata, mai santsi zan ce ta ɗauka, sai fa idan likitan da ke sake gina maman ya kawo takamaiman dalili na jikinta da ya sa ba za ta yiwu ba, kuma ko a nan ba zan yarda da mai kaushi mai yawa ko mai soso ba.

Masu ɗan kaushi suna tsakiya, kuma a kansu ne ya kamata a yi hattara da kalaman talla. Kamfanoni suna da sunaye masu daɗin ji da suke laƙaba wa bayan jakunkunansu, wasu har da kalmar nano a ciki. Sunan ba shi ne abin dubawa ba, a tambayi matsayinta a ma'aunin ISO 14607. A kuma tuna cewa cutar tana ɗaukar kusan shekara goma kafin ta bayyana, don haka sabon samfurin da bai daɗe a kasuwa ba, ƙarancin rahoto a kansa ba shi da ƙarfin hujjar da ke kan wanda ya shekara talatin ana bibiyarsa.

Akwai wani abu da masu sake gina mama sukan manta. Sau da yawa ba a dasa jakar dindindin nan take bayan cire maman, ana fara sa wata jakar wucin gadi ce da ake ƙara mata ruwa kaɗan-kaɗan don ta miƙar da fata, bayan wasu watanni a cire ta a sa ta dindindin. Da yawa daga cikin waɗannan na wucin gadi masu kaushi ne, kuma janyewar da Allergan ya yi a 2019 ta haɗa da su. Saboda haka tambayar santsi ko kaushi a kan jakunkuna biyu za a yi ta.

Ga wadda sankara ta sa aka cire wa mama, zaɓin bai tsaya ga jaka da jaka ba. Ana iya sake gina maman da naman jikinta, ko dai a juyo da tsokar baya da fatarta zuwa ƙirji, ko a ɗebo fata da kitsen ƙasan cibiya. Tiyatar ta fi tsawo, jinyar ta fi daɗewa, ana samun tabo a wuri na biyu, kuma irin wadda ake haɗa ƙananan jijiyoyin jini a ƙarƙashin madubin ƙara girma tana buƙatar ƙwararren da ba a kowane asibiti ake samunsa ba. Amma idan an yi ta da nama zalla ba tare da jaka ba, babu maganar wannan limfoma, babu fashewa, babu canji bayan shekaru, kuma ta fi jure gashin da ake yi wa masu sankara da na'urar haske (radiotherapy), wanda yakan ƙara taurin kwanso ga masu jaka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, domin yawancin matanmu ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya yi nisa, kuma irin waɗannan su ne suka fi buƙatar gashi. FDA ta bayyana a 2011 cewa har mace ɗaya cikin biyar da aka yi wa ƙarin girma, da kuma har ɗaya cikin biyu da aka sake gina wa mama, sukan kai ga cire jakar cikin shekara goma. Jakar dashe ba abin dindindin ba ce, duk wadda ta sa ta ta sa ran za ta sake komawa ɗakin tiyata. Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar wuƙa, wato maman roba da ake sawa a cikin rigar mama, wanda a ƙarƙashin atamfa da mayafi ba mai iya bambancewa, kuma ba gazawa ba ce mace ta zaɓe shi. Batun halacci na bar wa malamai, ko da yake sananne ne cewa da yawansu suna bambanta gyaran abin da cuta ko haɗari ya ɓata da neman ƙarin ƙawa, suna kafa hujja da hadisin sahabi Arfaja wanda aka yanke wa hanci, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya.

Zama a Kano yana ƙara wa wannan lissafi wani nauyi da matar Landan ko Sidni ba ta da shi. A Ostireliya da Holan akwai rajistar ƙasa da ake rubuta jakunkunan da aka dasa, idan aka janye wani samfuri ana iya gano waɗanda ke ɗauke da shi. Macen da aka yi wa aiki a ƙasar waje ta dawo Kano, likitan da ya yi mata yana can, fayil ɗinta yana can, lambar wayar mai tafintar da ya raka ta wataƙila ta daina shiga. Gwargwadon nisan mace da mai bibiyarta, gwargwadon yadda ya kamata ta zaɓi abin da ba ya buƙatar sa ido sosai. Kowace jaka tana zuwa da ɗan kati da ke ɗauke da sunan kamfani, sunan samfuri, girma da lambar siriyal. Kada a baro asibiti ba tare da shi ba, a ɗauki hotonsa a waya, a kuma adana shi inda ake adana fasfo da takardun gida. Idan a Najeriya za a yi aikin, a tabbatar likitan ƙwararren likitan tiyatar gyaran jiki ne mai rajista da hukumar likitoci ta Najeriya, MDCN, a tambayi ko jakar tana da rajistar NAFDAC, a kuma nemi ganin kwalin a rufe kafin a buɗe. Abin da ya faru da kamfanin PIP na Faransa, wanda aka gano a 2010 yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu, ya isa ya nuna cewa araha a wannan fanni tana iya zama tsada. Likitan da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ba shi ne ya dace ya riƙe wuƙar ba, domin tun Oktoban 2021 doka ta wajabta wa likitocin Amurka su bi wata takardar gargaɗi da mai neman dashe layi-layi, ta sa hannu kafin a yi aikin.

Wadda kuma aka riga aka dasa wa mai kaushi, ko da Biocell ɗin da aka janye ce, FDA ba ta ba da shawarar a cire ba matuƙar babu wata alama. Tiyatar cire jaka da kwansonta tana da nata haɗarin, musamman idan kwanson ya manne da haƙarƙari, kuma canza ta da mai santsi ba a tabbatar yana goge haɗarin gaba ɗaya ba, tun da an samu cutar a jikin waɗanda aka riga aka yi wa canjin. Duk da haka, idan wani dalili ya sa za a sake buɗe wurin, kamar fashewa ko tauri, to lokacin ne ya dace a tattauna komawa ga mai santsi da kuma yadda za a yi da tsohon kwanson.

Alamar da ta fi yawa ita ce kumburin mama ɗaya bayan an haura shekara guda da yin aikin. Mace za ta wayi gari ta ga rigar maman da ta saba sawa ta matse ta gefe ɗaya, maman ya yi nauyi, fatar ta miƙe tana sheƙi, sau da yawa ba zazzaɓi ba ja, wani lokaci ko ciwo babu. Ruwa ne ya taru a kewayen jakar. Wasu kuma ƙullutu suke ji a gefen jakar, ko kaluluwa a hammata, ko maman ya yi tauri farat ɗaya. A irin yadda muka saba, nan da nan za a aika yaro kyamis ya karɓo kafso, ko a ce sanyi ne, ko a kawo maganin daji a shafa, a yi wata uku ana jira ya sace. Wannan jiran shi ne babban abin tsoro. Yawancin irin wannan ruwa ba sankara ba ne, amma ba a sanin haka sai an gwada.

Abin da ya dace shi ne a je babban asibiti mai sashen tiyata da ɗakin gwajin nama, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a gaya wa likita a fili cewa akwai dashe, a nuna masa katin, kada kunya ta sa a ɓoye. Za a yi hoton sikanin, a zuƙo ruwan da allura ana kallon allon don kada a huda jakar. Ƙa'idojin masana sun nemi a tura aƙalla mililita 50 ɗakin gwaji, kuma ruwan zuƙar farko ya fi muhimmanci, domin idan aka zubar da shi aka sake zuƙa daga baya, ƙwayoyin cutar sun ragu, gwajin yana iya kuskure su. Kada a tsaya ga gwajin ƙwayoyin cuta kaɗai. A nemi a duba ƙwayoyin da ke cikin ruwan, a yi musu gwajin alamar da ake kira CD30, wadda ƙwayoyin wannan limfoma ke ɗauke da ita, da kuma ta ALK, wadda ba sa ɗauke da ita. Tun kafin a soka allurar ya kamata a tambayi ko ɗakin gwajin yana yin waɗannan, idan ba ya yi a shirya inda za a tura ruwan.

Idan gwajin ya tabbatar da cutar kuma ba ta fita daga kwanson ba, maganinta tiyata ce: a cire jakar da kwansonta gaba ɗaya tare da duk wani ƙullutu, ba tare da an bar ɓurɓushi ba, kuma sau da yawa akan cire ta ɗaya gefen ma idan ita ma mai kaushi ce. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa haka da wuri ba sa buƙatar wani magani bayansa, sai bibiya. Idan ta ratsa kwanson ta shiga nama ko kaluluwa, ana haɗawa da allurar kemo mai kashe ƙwayoyin sankara, ko maganin brentuximab vedotin da ke farautar ƙwayoyi masu CD30, wani lokaci har da gashi. A wani bincike na mata 87 da likitocin asibitin MD Anderson na Houston suka jagoranta aka wallafa a 2016, kashi 89 cikin ɗari suna raye bayan shekara biyar, kuma waɗanda aka cire wa kwanson gaba ɗaya sun fi waɗanda aka yi wa rabin aiki samun nasara. A Satumban 2022 FDA ta kuma sanar da cewa an samu wasu nau'o'in sankara daban a cikin kwanson dashe, waɗanda suka fi wannan ƙaranci kuma aka gan su a masu santsi da masu kaushi, saboda haka ko mai santsi ce a jikin mace, kumburi ko ƙullutun da ya bayyana bayan shekaru ta wannan hanyar gwaji za a bi da shi.